Starlet Ba Ta Tsufa a Jimeta

A Kano, in ka ce kana neman Toyota Starlet, bayan gareji za a nuna maka, inda ake jingine motocin da masu su suka haƙura da su. Golf ce ta cinye kasuwar ƙananan motoci a wajenmu tun da daɗewa, ita ake gani a tasha, ita masu kayan gyara suka sani ciki da bai. Na yi ta zarya a Ƙofar Ruwa ina tambaya, har wani bakanike ya ce mini in da gaske nake, in daina ɓata takalmina in nufi Adamawa, can ne gidanta.

Ba don haya nake neman ta ba, ba kuma don kai yara makaranta ba. Aikina na zaman ofis ne, hannuna ba ya taɓa komai sai takarda da kwamfuta. Motar da nake hawa kuwa irin ta yanzu ce, wadda in ta yi tari sai an jona mata na'ura kafin a san abin da ke damun ta. Na daɗe ina marmarin mota wadda zan ɗaga banet in gane abin da nake kallo, in kwance wani abu ranar Asabar da safe in mayar da shi kafin la'asar, in ji injin ya sauya murya saboda aikin hannuna. Ƙarama nake so, mai ƙofa a baya wadda take ɗagawa gaba ɗaya da gilashinta, kuma mai kabireta.

Na bi ta Gombe da Kaltungo, muka tsallaka Binuwai a Numan, muka wuce Ngurore. Tun kafin mu shiga Jimeta na fara ganin su. Ɗaya ta wuce mu da buhunan masara sun leƙo ta but, an ɗaure ƙofar da igiya. Wata na biye da ita, tabarmi da kwanuka a samanta. Da muka sauka a tashar Jambutu sai na tsaya da jakata a hannu ina kallo kawai. Motar da na yi ta nema a gida kamar kuɗin guziri, ga ta nan jere, 'yan kamasho na kiran fasinja a kanta, yara na wanke ta, wani na kwance a ƙarƙashin ɗaya yana ƙwanƙwasa salansa. Kamfanin Toyota ya daina ƙera wannan mota tun 1999. Wato ƙaramar cikinsu ta haura shekara 25, amma ban ga wanda yake kallon su a matsayin tsofaffi ba.

Baƙo yakan ce Yola ya haɗa komai, ni ma haka na zo da shi a bakina. Garuruwa biyu ne, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Yola ita ce ta Modibbo Adama, wanda ya kafa ta a 1841, can fadar Lamiɗo take, da dogayen katangu da zauruka da mutanen da ba sa ɗaga murya. Jimeta kuwa a bakin kogi ta girma, tun lokacin da jiragen ruwan Turawan ciniki suke hawowa Binuwai da damina har su wuce zuwa Garwa ta Kamaru. Can babbar kasuwa take, da bankuna da ofisoshin gwamnati da gareji iri-iri. A rumfar mai shayi guda za ka ji Hausa da Fulatanci da Bacamanci suna karo da juna, wani kuma yana lissafi da sefa. Mu Kanawa mun saba ɗaukar garinmu a matsayin inda hanyoyi suke haɗuwa. A Jimeta na ga mutanen da suke kwana da sanin cewa wata ƙasa tana nan kusa, kuma rabin cinikinsu can yake fuskanta.

Mai masaukina ya haɗa ni da wani dillali, dattijo mai 'yar furfura, wanda kowa ke kira Baffa. Bayan mun gaisa, tambayarsa ta farko ita ce, “Alhaji, wane layi za ka sa ta? Mubi ko Fufore?” Na ce ba layi. Ya ce to direba zan ba wa yana kawo mini balas? Na ce a'a, gyara ta zan riƙa yi da kaina. Ya ce ai kuwa zai samo mini wadda ba ta buƙatar gyara. Na ce mai buƙatar gyaran nake so. Ya yi shiru, ya gyara hularsa, sannan ya tambaye ni cikin ladabi ko koyon kanikanci nake son yi don in buɗe gareji in na yi ritaya. Wannan ne kaɗai bayanin da ya zauna masa, kuma na lura duk inda muka je da shi haka yake gabatar da ni.

Ban ga laifinsa ba. Mutum ya sayi doki don sha'awa, ko ya tara tantabaru, ko ya yi kiwon raguna yana alfahari da su, duk mun san wannan, muna da gurbin da muke ajiye shi a zuciya. Amma mota a wajen yawancinmu ko dai jari ce ko kuma alamar samu. Tsohuwar mota wadda ba ta kawo kuɗi, ba ta kuma ƙara wa mai ita girma a idon jama'a, ba mu da inda muke sa ta. A Kano ma 'yan'uwana ba su gane ba, sai dai a can ban damu ba. A Jimeta ne abin ya fara yi mini nauyi, domin duk motar da na nuna da yatsa akwai gidan da yake cin tuwo da ita.

Na so in san dalilin da ya sa Starlet ta kama ƙasa a nan ba Golf ba, sai na zauna da direbobi a inuwar tasha. Amsarsu ta fara ne daga hanya. Da zarar ka sauka daga kwalta ka nufi ƙauyukan Fufore da Gurin, ko tsaunukan wajen Maiha da Belel, ko kudu wajen Jada da Ganye da Toungo, yashi ne da duwatsu da rafukan da ba gada. Starlet ba ta kai tan guda ba, da sauran rata mai yawa. In ta kafe, fasinjojin da ke cikinta sun isa su sauka su ciccibe ta. Tayoyin gaba ne suke jan ta, kuma nauyin inji a kansu yake, saboda haka tana kama ƙasa. Gajeriya ce, tana juyawa a inda babbar mota sai ta yi ta gaba da baya. Injinta mai lita 1.3, wanda Toyota ta kira 2E, bai san wata ƙwaƙwalwar lantarki ba. In ya tsaya a daji, sifana biyu da sukundireba da ɗan tiyo sukan isa a tashe shi.

Sai kuma mai. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a wannan yanki, daga nan kuma ta ci gaba da hawa. Motar da take shan mai kaɗan sai ta ƙara daraja. A farkon 2017 kuma gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, 'yan Kwatano suka yi wuya, Turai ma ta kusa ƙarar da nata Starlet ɗin. Don haka waɗanda ke hannu su ake ta juyawa. Ni da na taho da tunanin tsohon ƙarfe zan saya da kuɗin goro, farashin farko da aka faɗa mini ya sa na nemi wurin zama.

Akwai wani ɓangaren labarin da direbobi ba su fara da shi ba, amma hanci yakan gaya maka. Mun leƙa wata da aka ce ta sayarwa ce, kujerar baya babu, ƙasan duk tabon jarka, ƙaurin fetur ya kama ko'ina. Shekara da shekaru man Najeriya ya fi na Kamaru araha nesa ba kusa ba, kuma motar da ke iya bin hanyar shanu da dare ita masu fasa-ƙwauri suke so. Jami'an kwastan na shiyyar Adamawa da Taraba sun sha baje kolin irin waɗannan motoci da jarkokinsu a gaban 'yan jarida. Baffa ya ja hannun rigata ya ce mu wuce, wadda ta yi wannan aiki bayanta ya riga ya karye. Amma zalunci ne a shafa wa duka baƙin fenti ɗaya. Waɗanda na gani da idona mata suke kaiwa kasuwa, da majinyata asibiti, da gyaɗa da shinkafa daga gona.

Inda na fi daɗewa shi ne wani gareji a ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya, wajen wani bakanike wanda yaransa ke kira Hamma. Zafin Jimeta ba irin namu ba ne. Ƙasar kwari ce, kogi na kusa, a bazara awon zafi yakan haura 40, kuma gumi ba ya bushewa a jiki. Da rana tsaka sifanar da aka bari a fili ba ta taɓuwa. Su kuwa aiki suke yi, suna hira, rediyo na magana.

Na zo da hoto a wayata na yadda motar ta fito daga kamfani, kuma da shi nake auna duk wadda aka nuna mini. Ba ɗaya da ta yi daidai da hoton. Bayan kowace a ɗage yake, domin an cire sifirin na asali an sa na motar da ta fi ta nauyi. An yi wa mazaunin shakazoba walda da ƙarin ƙarfe. An jona fankar lagireto kai tsaye yadda za ta riƙa juyawa muddin inji na aiki. Waɗanda suka zo da injekta, an cire an dasa musu kabireta. Wata ma fitilunta na gaba ba iri ɗaya ba ne. Na ce wa Hamma an ɓata su. Ya goge hannunsa da tsumma, bai ji haushi ba, ya ce, “Malam, wanda ya ƙera ta mutum nawa ya yi wa lissafi? Kuma a kan wace hanya?”

Tambayar ta zauna mini. Injiniyan Japan ya zana ta ne don mutum huɗu ko biyar a kan kwalta mai santsi, a ƙasar da ake zuwa gareji da littafin sabis. An kawo ta inda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai wasu mutane da ba su taɓa shiga ajin injiniya ba suka sake yi mata lissafi da ido da kunne da gwaji. Suka ƙarfafa inda take karyewa, suka sauƙaƙa inda ba za a iya gyarawa a ƙauye ba, suka tsawaita ranta fiye da yadda masu ita na farko suka yi zato. Abin da nake so in koya a ranakun Asabar, wato in fahimci ƙarfe da hannuna, shi waɗannan mutane suke yi kullum tun suna yara. Na ga wani almajirin gareji da bai wuce shekara goma sha biyar ba ya kwance kabireta a kan kwali, ya wanke da fetur, ya hura ƙananan ramukan, ya mayar ba tare da ya bar ko ƙusa ɗaya ba. Ya kasa kunne, ya juya sukuru kaɗan, injin ya daidaita. Na tambayi kaina me ya sa nake girmama hoton da ke wayata fiye da wannan.

Duk da haka akwai inda ban yarda da su ba, kuma na faɗa. An ƙarfafa baya don ta ɗauki nauyi, amma birki yana nan yadda ya zo, ɗan ƙarami, na motar mutum biyar. Na ga ana sa mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, wani lokaci har direba ya matsa ya raba tasa kujerar da wani, ga buhuna a but sun ɗaga hancin motar sama. Tayoyin gaba su ne na tuƙi, su ne na ja, su ne kuma suke yin mafi yawan aikin tsayawa. In nauyi ya koma baya, sai su rasa ƙasa a daidai lokacin da ake buƙatar su. A kan gadar Jimeta, hanyar Girei da Song, wata ta wuce ni a haka da gudu, jariri a cinyar uwarsa a gaba, sai da gabana ya faɗi. Hamma ya ce gaskiya ne, amma direban da ya ɗauki mutum huɗu kacal ba zai mayar da kuɗin mai ba. Na yarda da lissafinsa. Ran mutane ne dai ake cike giɓin da shi, kuma ƙwarewar da ta iya sake fasalin sifirin ba za ta gaza a kan birki ba in da za a nemi hakan daga gare ta.

Da yamma na nuna masa wani abu a waya. A Japan da Ingila da Ayalan akwai masu tara Starlet don sha'awa tsantsa, musamman masu tobo da ake kira GT Turbo da Glanza V, suna goge su suna kai su wuraren baje koli. Ba a cika ganin irinsu a nan ba, domin don kasuwar Japan aka yi su, sitiyarinsu a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama da sitiyari a hagu. Yaran gareji suka taru suna kallo. Abin da ya fi ba su mamaki shi ne yadda aka sauke motocin ƙasa har cikinsu na neman taɓa kwalta. Ɗaya ya ce wannan ko Ngurore ba za ta kai ba. Na kuma gaya musu cewa a 2020 Toyota ta dawo da sunan Starlet a kasuwar Afirka, amma motar Suzuki Baleno ce aka sauya wa tambari. Hamma ya kalli hoton, ya miƙo mini wayata, ya koma kan aikinsa.

Shi ne ya koya mini yadda ake duba ta. Kada ka yarda a tayar maka da inji kafin ka iso, ka taɓa shi ka ji da sanyinsa. Ka tsaya a baya lokacin da aka murza makulli: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne take ƙonawa, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne ya shiga inda bai kamata ba. Ka buɗe murfin baƙin mai ka duba ko akwai farin kumfa a jikinsa. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa da mazaunin safaya taya. Mu a arewa iska busasshiya ce, tsatsa ba ta cika cin mota ba, rana ce take farfasa dashbod da roba. Amma waɗanda suka fito daga Turai sun sha gishirin da ake zuba wa hanya lokacin ƙanƙara. Kuma a Jimeta akwai abin da Bakano ba zai tuna ba, wato ambaliya. In aka saki ruwan madatsar Lagdo daga Kamaru, Binuwai yakan hau unguwannin bakin kogi, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Motar da ta kwana a ruwa, ko an wanke ta an fesa turare, za ka tarar da busasshiyar laka a cikin layin kujera da bayan dashbod, wayoyinta kuma ba za su sake zama lafiya ba.

A ƙarshe ba a Jimeta na same ta ba, a cikin Yola ne, a wani gida mai zaure kusa da hanyar fada. Ta wani tsohon ma'aikacin gwamnati ce, wanda ya fara aiki tun jihar tana Gongola, kafin a raba ta a 1991. Idonsa ya yi rauni, ya daina tuƙi, motar tana ƙarƙashin rumfa an lulluɓe ta da tsohon tamfol. Fara ce, ta ƙarnin da aka ƙera tsakanin 1989 da 1996, mai ƙofa biyar, ba ta taɓa yin haya ba. Fentin rufinta ya ƙone, kuloci yana zamewa, gaskit na yoyo, gilashin baya ɗaya ba ya sauka. Kujerunta kuwa na asali ne, bayanta ma ba a ɗaga ba.

Ciniki a Yola ba a yin sa a tsaye. Aka shimfiɗa darduma, aka kawo ruwa, aka gaisa da Fulatanci, aka sake gaisawa da Hausa saboda ni. Da na yi tayi irin na Kantin Kwari, na sara kusan rabi, Baffa ya taɓa gwiwata a hankali. Dattijon bai ce albarka ba, bai ce komai ba, ya tambaye ni lafiyar mutanen Kano. Sai da aka yi la'asar aka dawo kan maganar, Baffa ya faɗi wani adadi a tsakani, dattijon ya ce, “Ɗana, in za ka riƙe ta da kyau, na sallama.” Ya shiga ciki ya fito da wata tsohuwar jakar fata: takardar kwastan, rasiɗin saye, lasisin kowace shekara a jere. Muka gwada lambar casis da ta takarda, muka rubuta yarjejeniya da shaidu, washegari muka bi ta ofishin lasisi da na 'yan sanda don sauya suna. Wannan mataki ba a tsallake shi, balle ga Starlet mai lambar Adamawa da za ta bi shingayen bincike har Kano.

A gareji ne na ji cewa akwai wani saurayi, yaron mota a Jambutu, da ya daɗe yana zuba adashi da wannan farar motar a ransa. Bai kai rabin kuɗin ba tukuna. Ba wanda ya faɗa mini don in ji kunya, a cikin hira maganar ta fito. Amma ta hana ni sukuni. A hannunsa da an ɗaga bayanta, an cika ta da buhuna, cikin 'yan shekaru ta gaji, kuma a cikin shekarun nan da ta yi masa aure, ta biya kuɗin makarantar ƙannensa. A hannuna za ta daɗe, za ta yi kyau, ba za ta ciyar da kowa ba. Halak ne cinikin da na yi, dattijon ma ya fi son inda za ta je. Na nemi Baffa ya sa ido ya samo wa yaron wata, na bar ɗan abin da zan iya a kan la'adarsa don wannan, ina sane da cewa bai kai ya cike ramin ba.

Hamma ya sauya gaskit da faifan kuloci ina tsugune kusa da shi ina miƙa sifana, ya sa ni na ɗaure ƙusoshin kan inji da hannuna, daga tsakiya zuwa gefe, ɗaya nan ɗaya can. Ya so ya ɗaga mata baya ko da kaɗan, saboda ramukan hanyar Numan zuwa Cham. Na ce a bar ta yadda take, amma a sa sabon takalmin birki gaba da baya, a zubar da tsohon man birki. Sauran aikin, fenti da gilashi da wayoyin dashbod, na ce nawa ne.

Ya ɗaure mini bel ɗin fanka na safaya da filogi huɗu a leda, ya cika galan da ruwa ya ajiye a but. Ya ce in tashi da asuba kafin rana ta yi ƙarfi, kada in wuce tamanin har sai gaskit ɗin ya zauna, in tsaya a Kaltungo in bar ta ta huce kafin in buɗe lagireto, in na isa Gombe kuma in kira shi in kara wayar a jikin inji ya ji.